Mai Gadin Gada Ba Ya Gajiya

Tela ya laɓe a bayan ginshiƙin dutse kamar yadda wasan ya koya masa, ya danna maɓallin shan magani. Kafin kwalbar ta kai bakin jarumin nasa, mashin mai gadin gada ya ratso ta tsakiyar dutsen ya soke shi a ƙirji. Allon kwamfutar ya yi jawur, ga rubutu ɓaro-ɓaro: ka mutu.

Ya ajiye hannun gem ɗin a kan tebur a hankali, kamar yadda yake ajiye almakashinsa. Mutum ne da ba ya ɗaga murya ko da mai kaya ta zo tana zazzaga masa masifa a bakin shago.

"Ƙanwata, tambaya gare ni," ya ce wa Auta. "Ɗazu da na harba kibiya daga bayan dutsen nan, ina ta tsaya?"

"A jikin dutsen."

"To shi nasa mashin, a wace maƙera aka yi shi?"

Auta ta juya ta kafa wa ƙeyar yayanta ido, irin kallon da in da yana huda fata, da an kai shi asibiti. Yaya bai waiwayo ba. Yana can gaban allonsa yana ta ƙwanƙwasa madannai kamar ba a ɗakin ake magana ba.

"Ni dai na san wahala, na kuma san cuta," in ji Tela, yana miƙewa. "Tun ina saurayi nake buga gem, an sha kashe ni ina dariya in sake. Wannan kuwa ba fin ƙarfina ya yi ba, cutata ya yi. Bari in sauka, na bar wuyan riga a kan keke."

Shi ne na ƙarshe cikin mutanen da Auta ta roƙo su hau benen su gwada wasan. Mai kemis ya zo, ƙawarta ma'aikaciyar banki ta zo, har mijin ƙanwar mahaifiyarsu da ke cika baki cewa babu gem ɗin da ya taɓa gagararsa ya zo. Duk a bakin gadar nan suka ƙare. Mijin innar tasu ma bai yi sallama ba da zai tafi.

Su uku ne a ɗakin, saman shagon Tela. Tebura uku, fanka ɗaya mai kuka duk lokacin da ta juya wuya, da wayoyin wuta birjik a ƙasa waɗanda kowa ya san inda zai ɗaga ƙafa ya tsallake. Yaya ne mai rubuta wasan, shi kaɗai ya san yadda ake shiga cikinsa a ƙara wa wannan ƙarfi a rage wa wancan. Dogo, abokinsa tun makaranta, shi ke haɗa sauti. Auta kuwa ita ce mai zane, ita ke rubuta maganar mutanen cikin wasan, kuma da yake ba su da halin ɗaukar mai gwaji, ita ce mai gwajin. Wasan na matafiyi ne. Za ka fara da sanda da tsumma, ka yi ta yawo kana samun makami da ƙarfi, har ka iso wata gada. Bayan gadar akwai gari.

Garin nan shi ne ran Auta. Shekarun da sa'o'inta suka yi suna gina gidajensu, ita ta yi su ne tana gina nasa. Kowace ƙofa ana iya ƙwanƙwasa ta, kowane mutum yana da abin faɗa. Akwai mai sayar da igiya da ke ƙarya a kan mijinta, akwai tsohon matuƙin kwale-kwale da ya kurumce amma yake amsa tambayar da ba a yi masa ba. A kan zanen garin ta fara sa tabarau. Kuma yau da yamma za su tura wasan ga kamfanin da ya yarda zai duba, an kuma gaya musu ƙarara cewa mai dubawar ba ya zaman dole: in ya ji daɗi ya ci gaba, in ya gundura ya rufe ya ɗauki na wasu. Idan bai haye gadar ba, a wurinsa babu gari. Akwai dai sanda, da tsumma, da wani ƙaton banza mai mashi.

"Yaya."

"Ina jin ki."

"Ba ka ji na. Juyo."

Ya juyo da kujerar, yana murza ido. Doguwar fuska gare shi irin ta mahaifinsu, da wannan ɗan murmushin na gefen baki da tun suna yara yake sa ta jin kamar ta jefe shi da takalmi.

"Mutum nawa kake so su mutu a gaban idonka kafin ka yarda bos ɗin nan, mai gadin gadar, ɓarawo ne?"

"Bos ne. Aikinsa ke nan. So kike ya shimfiɗa musu tabarma?"

"So nake ya bi dokar da ka ɗora wa kowa! Ka ce sulke mai nauyi yana rage gudu. Na yarda. Shi ga shi nan da ƙarfe tun daga kai har ƙafa, yana tsalle kamar ɗan akuya. Ka ce in mutum ya kai sara uku numfashinsa zai ƙare, sai ya ja baya ya huta. Shi yaushe ya taɓa hutawa? Guba ba ta kama shi, wuta ba ta kama shi. Mutum ya tara gubar nan tun daga farkon wasa yana murna, ya zo ya watsa masa, ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa. To me ya sa ka sa gubar a wasan?"

"Don a yi amfani da ita a wani wurin."

"Wane wurin? Wa ya taɓa kaiwa wani wurin?"

Dogo ya zame abin kunnensa zuwa wuya, ya kasa kunne. Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, sai dai wannan da ruwansa, don shi ma kiɗan kasuwar garin nan ya sha masa wahala.

"Sannan maganin," Auta ta ci gaba, muryarta na hawa. "Ba ganin mutum yake yi ya ɗaga kwalba ba. Yatsanka na taɓa maɓallin ya riga ya sani. Tun kafin hannun jarumin ya motsa ya taso. Wannan ba iya faɗa ba ne, leƙen asiri ne. Ka zauna kana karta da mutum, ashe yana da madubi a bayanka."

"Ke kina kashe shi," in ji Yaya.

Nan fa ake yin ta. Duk wannan bala'i daga wannan magana ya fito, kuma gara a faɗi yadda aka yi, don kada a ɗora wa Yaya kayan shi kaɗai.

Mai gadin gada da farko bawan Allah ne. Mashi ɗaya gare shi da garkuwa, yana sara yana hutawa kamar kowa. Ranar da Yaya ya gama shi ya miƙa wa Auta hannun gem yana taƙama, ta kashe shi kafin shayin Dogo ya huce, ta miƙe tana hamma ta ce, "Wannan ne bos ɗin? Na zaci mai sharar gadar ne." Washegari mai gadi ya tashi da sulke. Ta kashe shi, ta tambaya ko akwai wani. Aka cire masa gajiya. Wannan karon ya ba ta wuya, amma ba ta bari an gani ba. Ta riƙa ɗaukar wasan a kwamfutarta tana kai shi gida, a ranakun hutu ta rufe ɗaki ta yi ta mutuwa ita kaɗai har ta haddace motsinsa, sannan ta dawo ta kashe shi a gaban Yaya da hannu sake, tana hira da Dogo, kamar ba ta taɓa ganin sabon salon ba. A haka tsarin aikinsu ya kafu ba tare da kowa ya zauna ya tsara shi ba: duk abin da Auta ta kashe bai nuna ba, sai a mayar da shi tukunya. Tun suna yara haka suke. In ta kusa cin sa a ludo sai ya tuno wata doka da ba a taɓa ji ba, ita kuma maimakon ta kai ƙara sai ta ci shi da dokar tasa. Hali zanen dutse. Yanzu ga shi sun girma, sun haɗu sun haifi dodon da mutum ɗaya tak a duniya ke iya kayarwa.

"Ni ba mutane ba ce," ta ce. "Ni na san shi kamar yunwar cikina. Mai dubawar nan yau zai fara ganin sa."

"In an sauƙaƙa, wasan ya zama na yara. Masu buga irin wannan wahala suke nema. Su Tela 'yan gem ɗin ƙwallo ne, me suka sani?"

"To kai ka sani. Ungo." Ta miƙa masa hannun gem ɗin. "Zauna ka kashe shi mu gani."

"Ni lissafi nake dubawa. A lissafi ana iya cin sa."

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji Dogo, yana kallon silin.

Yaya ya harare shi. Sannan ya dubi agogon bango, ya dubi ƙanwarsa, murmushin nan ya dawo.

"Shi ke nan, mu yanke magana. Ba ni da ma'auni sai ke. Ki zauna ki buga a gabana, bugun gaskiya. In ya kashe ki, ko sau ɗaya ne, na rantse zan mayar masa da gajiyarsa, in cire masa jin maɓalli, mashin ma ya tsaya a dutse. Akwai lokaci kafin yamma. In kuma kika kashe shi, a haka zan tura, kada in sake jin bakin kowa."

"Na yarda."

"Ki ci abinci tukuna, kar ki ce yunwa ce."

Ta fita ta bugo ƙofar har fankar ta yi shiru na ɗan lokaci. Dogo ya biyo ta, ya tarar da ita a tsakiyar matakala tana huci. Daga ƙasa ana jin keken Tela yana ta sururu, a titi kuma wani direba ya danne hon ya ƙi saki.

"Auta, kin san dai abin da za ki yi ko?"

"Na sani."

"Faɗa min in ji da kunnena."

"Zan mutu."

"Madalla. Abin da kowa ke yi a banza, ke ma yau ki yi shi. Amma ki yi da dabara, ki ba shi wuya ya ba ki wuya, can wajen ƙarshe ki makara da kauce wa sara ɗaya. Kar ki tsaya kamar turmi, zai gane."

"Sai ka koya min? Ni na san inda ake mutuwa a gadar nan fiye da kowa."

"Ba iyawarki nake tsoro ba," in ji Dogo. "Zuciyarki nake tsoro. Ku gidanku ba a faɗuwa."

Ta yi tsaki ta sauka. Ta sayi ruwan sanyi a wurin mai kemis ta shanye a tsaye, tana faɗa wa kanta cewa abin ba komai ba ne. Mutuwa ɗaya a allo. Yaya zai yi dariya, zai faɗa a gida, zai faɗa ranar suna da ranar biki har su tsufa. To sai me? Ya yi ta faɗa. Ita dai a buɗe gadar, mutane su shiga su ji ƙaryar mai igiya. Da ta hau benen har ta ɗan huce.

Yaya ya jawo kujerarsa ya ajiye dab da tata, ya harɗe hannu. Dogo ya tsaya a bayansu. Aka kunna.

Jarumin ya taka gadar, kiɗan Dogo ya tashi, mai gadi ya sauko daga kan dutsensa yana jan mashi a ƙasa. Auta ta shiga yadda ta saba. Ta kauce hagu, ta kai sara biyu, ta ja baya kafin numfashi ya ƙare. Yatsunta suna aikinsu ba sai ta sa su ba, aikin da ke gabanta shi ne ta hana su. Ta bari ya same ta a kafaɗa, layin jininta ya ragu. Ta rama. Ta sake bari ya same ta. Dogo ya saki ajiyar zuciya a hankali.

"Yau kam kamar hannun ya yi sanyi," in ji Yaya. "In kin ga ba za ki iya ba ki faɗa. Ba abin kunya ba ne, Tela ma bai iya ba."

Ta cije leɓe. Ta ci gaba da yi masa wasan kwaikwayon, tana rage jinin mai gadi tana ba da nata, har aka zo inda take so. Nasa ya rage kaɗan, nata ya rage kamar zare. Saura kwalbar magani ɗaya a jakarta. Ta san abin da zai biyo baya: zai ja da baya, ya ɗaga mashi sama, ya taso. Ba a bukatar ta yi komai. Ta ɗage babban yatsanta daga kan maɓallin, ta jira.

Mai gadi bai ɗaga mashi ba. Ya matso, ya miƙa hannun hagu, ya zura cikin jakar jarumin, ya zaro kwalbar. Ya buɗe ta a gabanta ya shanye. Layin jininsa ya cika har rabi. Sannan ya jefar da kwalbar a ruwa.

Auta ba ta taɓa ganin wannan ba. Babu shi jiya, babu shi ɗazu da Tela ya buga.

"Yaushe ka sa wannan?" Muryarta ta fito can ƙasa.

"Da kika sauka shan ruwa. Ɗan gyara ne."

"Bayan mun yi magana? Bayan ka rantse?"

"Na ce bugun gaskiya. Ban ce ba zan taɓa shi ba."

"Auta," in ji Dogo. "Auta, ƙyale shi. Wannan ma ya fi, kin ga yanzu ba wanda zai ce..."

Ba ta ji ƙarshen maganar ba. Fushi ne, tsantsarsa, irin wanda ba ya shawara da kowa. Maganinta! Kwalbar da ita ta zana da hannunta, ta zaɓa mata launi, a zura hannu a jakarta a shanye, kuma a ce ta zauna ta mutu a kan haka, mutumin nan na gefenta yana murmushi? Mashin ya taso. Yatsan ya koma wurinsa.

Ta mirgina ta ƙarƙashinsa. Ta tashi a bayansa ta sare shi a gwiwa. Ya juyo da gudun da bai kamata mai sulke ya yi ba, ta riga ta bar wurin. Ta san yana jin maɓalli, sai ta yi masa tarko da shi: ta danna na shan magani alhali jakar babu komai, ya taso a makance kamar yadda aka halicce shi, ta kauce, ya wuce, ta bi shi da sara. Ta sake dannawa, ya sake tasowa. Wawa ne, ɓarawo kuma wawa. Dogo yana kiran sunanta, yana dafa kujerar, ta ture hannunsa da kafaɗa. Jininta bai ƙaru ba, zaren nan ne dai, amma ko ƙurar mashin ba ta sake taɓa ta ba. Tana bugawa tana magana ta cikin haƙora, "Sha. Sha mana. Ƙara sha." Sara na ƙarshe ta kai masa a wuya da dukan ƙarfinta, har hannun gem ɗin ya yi ƙara a tafinta.

Mai gadi ya durƙusa, ya kife. Mashin ya gangara ya faɗa ruwa.

Ta miƙe tsaye, ta juya ga yayanta tana haki, idonta jawur. "Ƙaro wani! Ka ji? Je ka ƙaro wani!"

Dogo ya ɗora hannu biyu a ka, ya koma teburinsa ya zauna, bai dube ta ba.

Yaya ya kalli allon, ya kalle ta. Abin da ya fi ƙona mata rai, babu mugunta a fuskarsa. Alfahari ne, na gaske.

"Kin gani ko?" ya ce. "Da jini kamar zare, babu magani, da salon da ba ki taɓa gani ba. Kuma ki ce min ba a iya cin sa." Ya tura kujerarsa ta koma gaban teburinsa. "Wallahi ke ba dama ce, Auta."

"Yaya, tsaya."

"Magana ta ƙare. Ke kika yarda."

"Yaya, don Allah. A sake. Sau ɗaya."

"Yanzu kuma in kika mutu na san da gangan ne."

Ta ji ƙarar madannansa, ta ji ya danna na ƙarshe da ɗan ƙarfi kamar yadda yake yi in ya gama aiki. Ya miƙe ya yi miƙa, ya ce zai sauka ya gaya wa Tela an tura.

Auta ta koma ta zauna. A allon, ƙofar garin tana buɗewa a hankali, hayaniyar kasuwa tana fitowa. Wata mata mai tulu a ka ta tsaya a bakin ƙofar ta dubi jarumin, maganarta ta fito a rubuce a ƙasan allo, maganar da Auta ta rubuta da kanta tun ba ta fara sa tabarau ba.

"Sannu da zuwa, baƙo. Kai kaɗai ne? Ina sauran?"

Wasan yana jira ta zaɓi amsa. Ta zauna da hannun gem ɗin a cinya, ba ta danna komai ba.